Ɗalibata da Tambayar Kaporal

A shekarun da arewa ta rikice da tawayen Buzaye, farkon shekarun casa'in ke nan, ni ne majo a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, cikin ƙasar Ƙonni. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya, mai riƙe da makullin ɗakin magani, kuma shi ake zagi in allura ta ƙare. Lokotoro, wato dakta, ba mu da shi, sai dai ya leƙo mu daga birni wata-wata. Kowace shekara lakwal, wato makarantar koyon jinya, takan turo mini ɗalibai uku ko huɗu su yi wata uku a hannuna, su koyi abin da ba a koyonsa a kan benci, irin su dafa allura, da neman jijiya a hannun jaririn da zawo ya tsotse, da wanke miki ba tare da mutum ya yamutsa fuska ba.

Akwai wani ƙaramin bariki a bayan gari. Da can suna da nasu ma'aikacin jinya, soja, amma aka kwashe shi zuwa arewa tare da fiye da rabin mazan barikin. Sai aka ce mu riƙa zuwa Talata da Alhamis muna duba iyalansu. Ɗaki guda suka ba mu kusa da ma'ajiyar hatsi, da tebur, da gadon ƙarfe, da labulen da aka yi da tsohon bargo.

Cikin ɗaliban wannan shekarar akwai mace guda, 'yar Badagishiri, ba ta wuce shekara ashirin da ɗaya ba. Ubanta mai garkar albasa ne, uwarta kuwa daga makiyaya ta fito, don haka tana jin Buzanci kamar Hausa, ko da yake ba ta yinsa sai ta ga dole. Hannunta yana da kyau wajen allura, amma tana da nawa. Mace za ta shigo da tari, sai ta tsaya tambayarta 'ya'ya nawa, wa ke taya ta daka, yaushe rabonta da labarin maigida. Ni kuwa ga mata jingim a zaune cikin rana suna jira. Na sha yi mata faɗa a gaban mutane. Takan ce, "To, Majo," ta sunkuyar da kai, washegari ta koma halinta.

Ita na zaɓa ta riƙa bina bariki. Ba don na fi yarda da ita ba ne, sai don matan sojoji sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu, kuma sauran ɗaliban uku duk maza ne.

Aikin bariki daban yake da na gari. Girman miji yana bin matarsa har layin magani, matar saje ba ta tsayawa bayan matar ƙaramin soja, ko da ɗan waccan na suma. Na daɗe da daina gardama a kan wannan. Sannan yawancin abin da ke kawo su ba ya cikin littattafan da muka karanta. Wata ta ce kanta ke sarawa, wata ta ce zuciyarta ke bugawa in ta ji ƙarar mota a bakin ƙofar bariki, wata ta ce abinci ba ya wuce mata maƙogwaro. In na auna, jiki ba zafi, jini daidai. Sai in ba da asfirin, in ce a rage tunani. Haka aka koya mini, haka nake koyarwa.

Akwai matar wani kaporal da ta zo mana sati uku a jere da ciwon kai. Doguwa ce, mai ƙananan yara biyu. Mijinta yana cikin waɗanda aka dawo da su daga arewa saboda rauni a cinya. A zuwa na uku na riga na miƙa hannu ga kwalbar asfirin, sai ɗalibar ta matso ta ce a hankali, "Majo, matar ga ba ciwon kai ya kawo ta ba. Dubi zafin da ake yi, ita ko ta naɗe wuya da kallabi."

Na ce ta shiga da ita bayan labule, amma ta yi sauri. Ba ta yi sauri ba. Sun fi rabin awa, ni kaɗai na yi ta fama da layi ina cika ina batsewa. Da muka kama hanyar komawa gari a ƙafa, ta faɗa mini abin da ta gani: shatin yatsu a wuyan matar, gefe da gefe. Tun da kaporal ya dawo ba ya barcin kirki, ba ya zama cikin maza, in yara sun saki kwano a ƙasa sai ya miƙe zumbur. Ran nan ya ɗan kishingiɗa bayan azahar, matar ta taɓa kafaɗarsa don ya tashi sallar la'asar, bai ko buɗe ido ba ya shaƙe ta. Da ya farka ya ga abin da yake yi, ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka. Matar ta roƙi ɗalibar don Allah kada ajidan ya ji, wato babban da aka bar wa barikin, domin in aka ce mijinta ya taɓu za a sallame shi, ɗakin da suke ciki ma a karɓe.

Na ce, "To mi kike so in yi? Maganin wannan babu shi a ɗakinmu."

Ta ce, "Mikin cinyarsa bai rufe ba, shi ke wanke abinsa da ruwan gishiri. In ka aika a kira shi don miki, ba wanda zai yi zargin komi."

Na aika, ya zo. Mutum ne siriri, baƙi, mai dogon wuya, ba zai kai shekara talatin da biyar ba. Da ya shigo ya ja kujera ya juya ta yadda zai riƙa kallon ƙofa. Mikin ya yi ruwa, amma ba abin tsoro ba ne. Na bar wa ɗalibar wankinsa. Ranar farko bai ce uffan ba, ta biyu ma haka. A mako na biyu na ji shi daga bayan labule yana tambayarta ko gaskiya ne albasar Badagishiri ta fi ta ko'ina daɗewa a rumbu. Ta yi dariya ta ce ai ubanta cewa yake har ta fi wasu auren daɗewa. Na ji ya yi wani ɗan sauti kamar dariya. Bayan kwana goma matarsa ta tare mu a hanya ta ce jiya ya cinye tuwonsa, har ya ɗauki ƙaramar ɗiyarsa a kafaɗa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na ba sauran ɗaliban labari a matsayin darasi, ban dai faɗi ko wane ne ba.

Abin ya lalace ne wata ranar kasuwa. Audugar da muka bari a bariki ta ƙare, sai aka ce kaporal ya biyo mu likitar gari. Yana zaune a kan benci yana jira, aka shigo da wata makiyayiya da jaririnta yana amai, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ɗalibar ta durƙusa gabanta ta shiga yi mata Buzanci. Wani daga cikin ɗaliban ya gaya mini daga baya cewa kaporal ya miƙe tsaye, ya kafa mata ido, bai zauna ba har ta gama.

Ni a lokacin ina ɗakin baya. Iskar gas ɗin firjinmu ta ƙare, alluran rigakafin yara na neman lalacewa, ina ta cusa su cikin akwatin ƙanƙara ina tunanin wanda zai kai su birni kafin rana ta yi tsaka. Sai ga ɗalibar a bakin ƙofa.

"Majo, in mara lafiya ya tambaye ka abu, ka san amsa, amma amsar tana da nauyi, yaya ake yi?"

Ban ko ɗaga kai ba. Na ɗauka zancen ƙafarsa ne, ko za ta koma daidai ko zai riƙa ɗingishi. Na ce, "Sau nawa zan faɗa muku? Ba a yi wa mara lafiya ƙarya. Ya tambaya, a faɗa mishi."

Ta ce, "Ko da..."

Na ce, "Ke, tafi, kin ga ina cikin aiki."

Ta ɗan tsaya, sannan na ji takunta ya yi nisa.

Sai bayan azahar, da mutane suka watse, na same ta zaune a kan dakalin baya, farar rigarta a cinya. Na tambaye ta lafiya. Ta ba ni labarin kamar mai karanta takarda.

Da ta shiga wanke masa miki, kaporal ya ce mata, "Malama, ashe kina jin harshensu?" Ta ce awo, tana ji. Ya ce akwai wata magana da ya ɗauko daga arewa, wata da watanni tana yawo a kansa, bai sami wanda zai tambaya ba. Wata rana motarsu ta tsaya a bakin wata rijiya, kwanaki kaɗan bayan an yi wa 'yan'uwansu kwanton ɓauna a wannan yankin, kowa a tsorace yake. Suka hangi wani tsoho yana tafiya da jaki wajen tudun rairayi, da wani abu rataye a kafaɗarsa. Suka yi masa tsawa ya tsaya, da Hausa, da Faransanci. Bai waiwayo ba. Wata mata ta saki guga ta taho da gudu tana ihu, magana guda take ta maimaitawa. Su uku suka yi harbi, har da shi. Tsohon ya faɗi. Abin da ke kafaɗarsa salkar ruwa ce. Aka ce su hau mota, suka hau. Raunin cinyarsa a wani wuri daban ya same shi daga baya.

Ya maimaita mata kalmomin matar, a karkace, irin na wanda ya haddace abin da bai san ma'anarsa ba. Ta gane su tun kafin ya rufe baki. Shi ne ta ce masa ya jira, ta zo wurina. Da ta koma ta faɗa masa: matar cewa take yi, "Ba ya ji! Ubana ne, kurma ne, ba ya ji!"

Na ce, "Sai ya ce mi?"

"Ya ce, na gode, Malama. Ya ɗaure takalminsa ya fita."

Nan na gane abin da ta zo tambayata. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Don mi ba ki faɗa mini abin da ya tambaya ba?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ai na zo, Majo."

Na ce ta tashi ta je ta dafa almakasai.

Na yi niyyar zuwa barikin washegari in gan shi, ban je ba. Na ce wa kaina a bar shi ya huce, Alhamis ai tana tafe. Ranar Alhamis da safe aka nemi kaporal wurin fareti aka rasa. An sami kakinsa a ninke a kan gado, takalmansa a ƙasa. Wajen tsakar rana wani direban motar haya ya gan shi gaba da Dogarawa, yana tafiya a kan kwalta ba takalmi, ya miƙi arewa. Direban ya tsaya ya tambaye shi ina zuwa cikin wannan rana, ya ce gaisuwar mutuwa zai je. Mutumin kirki ne direban, ya lallashe shi ya shiga mota, ya kai shi wurin jandarma, su kuma suka kawo mana shi saboda tafin ƙafafunsa duk sun saɓule.

Ɗalibar ce ta ɗauko kwanon ruwa, ban sa ta ba. Ta durƙusa tana cire masa tsakuwa daga nama da ɗan hantsaki, shi kuwa ko motsi. Can ya sunkuyo ya ce mata, "Malama, ko kin san garin su tsohon nan? In na je ke za ki yi mini tafinta." Ta dakata da aikin, na karɓi hantsakin na ƙarasa.

Da yamma ajidan ya aiko a kira ni. Ba mugun mutum ba ne, dattijo ne mai jiki, mai ciwon sukari, ni ke auna shi. Na same shi a buro, wato ofishinsa, shi kaɗai. Bai ce in zauna ba.

"Majo, wa ka shigo mini da ita cikin bariki? An ce Buzuwa ce. An ce ita ta yi wa yarona magana da harshensu har kansa ya juye."

A nan ne ya kamata in ce ni na ba ta umarni, ta zo neman shawara na kore ta. Maganar tana bakina. Amma na tuna yadda ake kallon duk mai jin wannan harshe a lokacin, na tuna ana iya cewa ni ma da saninna, na tuna iyalina. Na ce, "Ɗaliba ce, Ajidan, ba ta gama sanin aiki ba. Ba za ta sake taka barikin nan ba."

Sai ya ce, "Ya faɗa mata wani abu game da can?"

Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu. "A'a, bari. Kada ka gaya mini. In na ji, dole in rubuta."

Bayan kwana huɗu aka sa kaporal a motar soja zuwa babbar likitar Yamai. Matarsa aka ba ta wata guda ta kwashe kayanta. Ranar da za ta tafi ta biyo ta wurinmu, da goyo a baya, ɗayan yaron riƙe da zanenta. Na zaci faɗa za ta yi, har na fito na tsaya kusa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun ɗalibar ta ce, "Ƙanwata, na san alheri kika nufa. Amma da can, ko shina shaƙe ni, shina gida." Ta yi mana sallama ta tafi tasha. Ɗalibar ta shige ɗakin allura ta rufe ƙofa, na hana kowa ƙwanƙwasawa.

Ranar da ajidan ya kira ni, saura wa ɗalibar sati biyar ta gama. Cikin satin biyar ɗin nan ta zama irin ma'aikaciyar da na daɗe ina nema. Mace ta shigo, ta auna ta, ta rubuta, ta ce ta gaba. Ta fi mazan sauri. Ba ta sake tambayar kowa labarin gida ba, ni ma ba ta sake tambayata komi ba sai abin da ya shafi awon magani. Kullum in na ga layi ya ƙare tun kafin azahar sai in kasa yin murna. Na maye gurbinta a bariki da ɗaya daga cikin mazan, matan suka ragu da zuwa. A takardar da na aika wa lakwal na ba ta maki mai kyau a kowane layi, na rubuta cewa tana da ladabi da tsabta. Ban rubuta komi game da kaporal ba. Ranar tafiyarsu ta gaishe ni a tsaye tare da sauran, ta hau mota.

Sai wajen ƙarshen shekarun casa'in na sake ganinta. An sa ni cikin masu zagayen duba ƙananan likitoci a ƙasar Illela, muka isa wani ƙauye, na tarar ita ce majo a wurin. Ta yi aure, ta yi jiki, da 'ya'ya uku. Ta karɓe mu da fura, ta buɗe mana littattafanta, komi tsaf. Da abokan tafiyata suka tafi masallaci, na tsaya a rumfa na ce mata ina da magana.

Na ce, "Ɗiyata, abin da ya faru da kaporal, laifina ne. Kin zo, ban saurare ki ba."

Ta ce, "Na yi shekaru ina juya wannan, Majo. Ko da ka ce in ɓoye mishi, ban san ko da na iya ba. Mutum ya dube ni ido cikin ido ya tambaye ni maganar da aka yi da harshen uwata. Wataƙila dai da ka zo mun zauna mu biyu, da ba a bar shi ya fita shi kaɗai ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ba wannan ya fi yi mini ciwo ba. Abin da ka faɗa ma ajidan ne."

Ban san ta sani ba. Ashe sojan da ke tsaron ƙofar buro ya ji, ya gaya wa matarsa, matar ta kawo mata tun a satin. Ta yi sati biyar tana aiki a gabana da wannan a cikinta.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na tambaye ta ko ta taɓa jin labarinsa. Ta ce ta yi ta cigiya wurin direbobi da matan sojoji. An sallame shi daga aiki, yana ƙauyensu can gabas. Wata shekara ya yi noma lafiya lau, wata shekara sai 'yan'uwansa sun riƙa tsaronsa kada ya kama hanya. Matar ta zauna da shi shekara biyu ko uku, daga nan labari ya yanke, wasu sun ce tana nan, wasu sun ce ta koma gidansu.

Direbanmu ya danna oda. Ta shiga ciki ta fito da wata takarda, jerin magungunan da suka ƙare mata tun kafin damina, ta ce in taimaka in miƙa a buro da hannuna, domin ta aika sau biyu ba amsa. Na karɓa na sa a aljihu. Na kai takardar, na bi ta har aka aika mata da rabin abin da ta nema.

Na ci gaba da karɓar ɗalibai har na bar aiki. Sojojin da suka dawo daga arewa sun yi ta zuwa mana, wasu da kansu, wasu matansu suka jawo su, da rashin barci, da rawar hannu, da fushin da ba dalili. Na koyi ajiye abin da ke hannuna in ɗalibi ya tsaya a bakin ƙofa. Amma in suka tambaye ni ina za a tura irin waɗannan mutane, ko mi za a ce musu, har na aje makulli ban sami abin da zan gaya musu ba.